Firjin Auta da Idon Yaya

Sai da aka cire ƙyauren kicin kafin firjin nan ya shiga. Ƙato ne mai ƙofa biyu, launin toka, kuma a jikin ƙofar hagu akwai wani ɗan lungu inda ake tara kofi ruwa ya zubo. Mai sanyi kake so, ga shi. Mai zafi har da tururi, shi ma ga shi. Auta ya tsaya a gabansa ya riƙe ƙugu, bakinsa ya ƙi rufuwa, sai ka rantse shi ya ƙera shi.

"Yaya, fito ki ga yadda na raba ki da wahala," in ji shi.

Yaya ta fito tana dafa bango. Ita ce babba a ɗakinsu, ita ta goya shi, kuma tun rasuwar mijinta take zaune a gidansa, a ɗan ɗakin da ke manne da kicin. A waje kowa Manaja yake ce masa, ita kaɗai ke kiransa Auta. Shi da matarsa Malama sammako suke yi zuwa aiki, ba sa dawowa sai yamma, yaransu kuma suna makarantar kwana. Saboda haka gidan a hannun Yaya yake wuni: shara, wanke-wanke, ninkin kaya, buɗe ƙofa in an ƙwanƙwasa. Ba wanda ya taɓa ce mata aikinta ne, ba kuma wanda ya taɓa cewa ta bari.

Dalilin sayen firjin ma ita ce. Kwanakin baya ta ɗora ruwa a kan gas, ta ƙyasta ashana, ta ɗauka wutar ta kama, ta fita tsakar gida shanyar kaya. Ashe ba ta kama ba. Allah ne ya dawo da Malama da wuri ran nan, ta tarar da kicin ya turnuƙe da wari. Da hankali ya kwanta Yaya ta ce, "Wallahi ban ga wutar ba ne. Idon nan nawa kwana biyu ba na gane masa." Malama ta ce a'a, mantuwa ce irin ta girma, kowa ma can zai je. Aka sa wa tukunyar gas kwaɗo, aka kulle butar lantarki a kabad, aka ce daga yau Yaya ba ita ba wuta.

Auta ya kama yatsanta ya kai jikin ƙofar firjin. "Ki taɓa jar alamar nan, ki ɗan riƙe, sai ki tura wannan ɗan harshen da kofi. Shi ke nan fa."

Yaya ta ƙura wa wurin ido. Baƙin gilashi ne sumul, babu wani maɓalli da yatsa zai ji. Alamomin duk 'yan fitilu ne ƙanana a cikin gilashin, ita kuwa abin da take gani haske ne a cakuɗe, kowace fitila da zobe mai launi-launi kewaye da ita. Ta ce, "Allah ya yi albarka, Auta." To me za ta ce? Yaro yana murna.

Ruwan zafi kuwa ba don shayi kawai Yaya take nemansa ba. Wani ciwo ne ke taso mata daga can cikin ido, ya bi ta goshi ya sauka a ƙeya, kamar ana danna ƙwayar da babban yatsa. Abin da ta gano yana ɗan lafar da shi shi ne ta tsoma tawul a ruwan zafi, ta matse, ta ɗora a fuska ta kwanta. In ya huce ta sake. Da can a buta take dafa abinta ba mai sani. Yanzu sai ta je gaban firji da 'yar robarta, ta yi ta laluben gilashi har ta dace. Robar ta fi lungun faɗi, don haka da hannu ɗaya take tara ta, ta tura harshen da ɗayan.

Ba a jima ba firji ya fara laifi. Auta ya dawo daga aiki ya tara kofi, ruwa ya zubo ɗumi-ɗumi. Ya zubar ya sake tarawa, duk ɗaya. Kai, zo ka ga tashin hankali! Ko takalmi bai cire ba ya zaro littafin da aka haɗo da firjin, ya zauna a kujerar kicin yana bi layi-layi. Ya zare waya daga soket ya mayar. Ya duba zafin da aka saita, ya ƙara, ya rage. Da abin ya ƙi sai ya kira mai gyara, washegari kuma ya ba da uzuri a ofis ya zauna jiransa.

Mai gyaran wani siriri ne mai fara'a, mai yawan "ranka ya daɗe". Ya buɗe bayan firjin, ya gwada abin da ke dafa ruwan, ya ce lafiyarsa ƙalau. "Tankin ne ƙarami, ranka ya daɗe. In aka kwashe na ciki sai an ba shi lokaci ya sake dafawa. Akwai dai mai ɗiba da yawa a gidan nan."

Auta ya juyo. "Yaya, ko wanka kike yi da shi?"

Suka yi dariya shi da mai gyara. Yaya ma ta murmusa, don kada ta ba shi kunya a gaban baƙo. Sai da mutumin ya fita ta ce, "Auta, ido nake gasawa. Ciwo yake yi mini sosai. In na kalli fitila sai in ga zobe kewaye da ita, ga wani duhu yana shigo mini ta gefe-gefe. Da ka kai ni an duba."

"Subhanallahi! Sannu, Yaya." Ya kalli agogon hannunsa. "Yau dai kin ga na riga na kashe safiya. Bari wata ya ƙare, aiki ya lafa, ni da kaina zan kai ki. Amma don Allah ki riƙa rage ɗiban ruwan nan, kada a ƙona abu tun yana sabo."

Da yamma ya kawo mata maganin ɗigawa daga kemis, ya ce mai kemis ya ce gajiyar ido ce kawai. Ta yi ta ɗigawa har kwalbar ta ƙare, ido yana nan yadda yake.

Wata ya ƙare, wani ya kama, ba wanda ya sake tayar da maganar. Sai kuma ran nan ruwan ya ɗauke ɗif. Yaya ta je da robarta tana shafa gilashi, ta ji firjin ya yi wani ɗan kuka, daga nan ko ɗigo. Ta tura harshen, ta sake turawa, shiru. Ta ce a ranta shi ke nan ta ɓata wa yaro kaya. Haka ta wuni da ciwo ba abin gashi. Ta ɗaure kai da ɗankwali tamau ta kwanta a ƙasa inda ya fi sanyi, tana jiran ƙarar motarsa da fargaba, ita da ta yi masa wanka yana jariri.

Auta ya ji labari ya tuɓe riga. Shi kaɗai ya jawo firjin daga bango yana nishi, ya bi tiyo da hannu ko ya lanƙwashe, ya duba famfon da ke ba shi ruwa ko an rufe. Ya ce to matatar ruwan ce ta toshe. Mutumin da kullum yake dawowa a gajiye, wanda ko gaisuwa da ƙyar yake amsawa, shi ne ya sake shiga mota a yammacin nan, ya ratsa cunkoso har ɗaya gefen gari ya sayo sabuwar matatar ruwa. Ya sa, ruwa bai zo ba. Yana tsaye gumi na zuba, sai Malama da ke riƙe da littafin ta ce, "Wai mene ne wannan hoton kwaɗon da ke haske a kusurwa?"

Ashe kulle ne da aka yi saboda yara. In yatsa ya daɗe a kansa sai komai ya tsaya. Auta ya danna, ruwa ya zubo yana tururi. Ya yi dariyar jin daɗi, sannan ya ɗauko tsumma ya shiga goge gilashin.

"Dubi shatin yatsu ko'ina. Yaya, abin nan ba shafa shi ake yi ba, taɓawa ake yi."

"Ba na ganin alamar ne, Auta."

"Yaya dai ba ta son koyon sabon abu," in ji Malama tana dariya. "Waya ma sai da muka sha fama."

Sai Yaya ta yi wa kanta dabara. Ta ɓare 'yar takarda daga jikin kwalbar maganin da ta ƙare, ta lalubo wurin da ruwan zafi ke amsawa, ta liƙa ta dab da shi. Yanzu yatsa yana jin tudun takardar ya san ya iso. Ta samu sauƙi na 'yan kwanaki. Ranar da abokan aikin Auta za su zo cin abinci ya shiga kicin ya gani.

"Wa ya liƙa wannan ƙazantar?"

"Ni ce. Da ita nake gane wurin."

"Haba Yaya! Gam yana cin gilashi. Kaya mai daraja irin wannan?" Ya sa farce ya kankare, ya hura wa wurin iska ya goge da bakin rigarsa. Da baƙin suka zo, ɗaya bayan ɗaya ya riƙa shigo da su yana nuna musu yadda ake tara kofi.

Daga nan ta yanke shawarar kai kanta asibiti. Wata safiya bayan sun fita ta yafa mayafi, ta kulle gida, ta bi gefen katanga har bakin titi. Abin da ke gabanta tana ganinsa kamar ta cikin bututu, hagu da dama kuwa babu. Ta sa ƙafa ke nan sai ta ji iska ta mare ta, ƙarar birki ta cika mata kunne. Wani mai babur ne, ya tsaya yana zazzaga masifa: "Baba, ba ki gani ne? So kike ki ja mini bala'i?" Ta ja da baya, ta lalubo katangar da ta kawo ta, ta koma gida ta ɗauki tsintsiya.

Ranar hutun mako ta samu Malama a falo tana duba takardun jarrabawar ɗalibanta. Ta zauna a ƙasa kusa da ita.

"Malama, ke mace ce 'yar'uwata. Ki taimake ni ki yi wa Auta magana. Idon hagun nan ya kusa tafiya. Shekaranjiya na so in je da kaina, babur ya kusa kwashe ni."

"Innalillahi! Yaya, kada ki ƙara fita ke kaɗai, kin ji?" Jan biron da ke hannun Malama bai daina tafiya a kan takarda ba. "Kin san asibitin ido kuwa? Layi ne tun safe har yamma, a ƙarshe a ba ki kati a ce ki dawo. Ni ga jarrabawa a kaina, shi ga masu bincike sun zo musu ofis. Kuma ni tsorona kada a ce aiki za a yi miki. In aka kwantar da ke wa zai zauna da ke? Gidan kuma wa za a bar wa?" Ta ji abin da ya fito daga bakinta, ta yi sauri ta ƙara da cewa, "Ina nufin ke za ki sha wahala. Ki bari a yi hutu, yara su dawo, sai a yi komai a natse."

Yaya ta ce to. Ta gane sarai, kuma ranta ya sosu fiye da ranar babur. Ba dukanta ake yi ba, ba zaginta ake yi ba. Wallahi da hakan ne da sauƙi, don shi maƙwabta suna ji su shigo. Su dai ba sa so ciwon ya tabbata, domin ranar da ya tabbata sai an nemi mai shara, an nemi mai tsaron gida, an nemi mai jinya. Muddin ana ce masa tsufa, ba wanda zai fasa zuwa aiki saboda shi. Ita kuma ba za ta iya ɗaga waya ta kai ƙarar ƙaninta wurin dangi ba, ba haka aka yi ta ba. Hutun ya zo, yara suka cika gida da hayaniya, suka koma makaranta.

Laifin firji na gaba shi ne ruwa a ƙasa. Kullum da yamma sai a tarar da jiƙa a gabansa, wani lokaci har ƙarƙashin kabad. Yaya ta san daga inda yake: robar ce ba ta iya daidaita ta da bakin famfon, rabi a ciki rabi a ƙasa. Takan goge, amma inda take gani kawai take gogewa. Ran nan santsi ya kwashi Malama, ba don ta kama ƙofa ba da ta kai ƙasa. Auta ya ce firji yana yoyo, a kira mai gyara.

Mai gyara ya zo ya kwanta rub da ciki da tocila, ya leƙa ƙarƙashi, ya shafa mahaɗin tiyo ɗaya bayan ɗaya, duk a bushe. Auta yana falo yana waya. Yaya ta shigo za ta ajiye kofi a kan tebur, ta sake shi a gefen teburin, ya faɗi ya gangara. Ta durƙusa tana shafa ƙasa, alhali kofin yana dab da gwiwarta. Mutumin ya ɗauka ya sa mata a hannu. Ya rage murya.

"Mama, idonki ne ko?"

"Shi ne, ɗana."

"Allah ya sawwaƙe."

Ta tsaya a nan riƙe da kofin. Ta ce a ranta yau kam an samu wanda ya gani, namiji ne kuma, in ya faɗa Auta zai ji. Ta kasa kunne. Ta ji takunsa zuwa falo, ta ji ya yi gyaran murya, ta ji ya ce, "Ranka ya daɗe, ina jin bawul ɗin da ke sakin ruwan ne ya fara sakewa. A canza shi a huta." Shi ma da nasa uzurin. Firji aka kira shi ya duba, kuma gidan da ake kiranka a kai a kai ba ka shiga maganar cikinsa.

Aka canza bawul mai lafiya aka sa sabo. Da mai gyaran zai tafi ya ce iska ta shiga tiyo, a fara zubar da ruwa jug biyu ko uku kafin a yi amfani da shi, in ba haka ba zai riƙa tofi. Auta ya ce zai yi in ya dawo daga aiki gobe. Bai gaya wa Yaya ba, don a ganinsa maganar firji ba tata ba ce.

Washegari ta farka idon hagu ya rufe ruf, baƙi ƙirin, ciwon kuma ya kai har tana amai. Ta ji fitarsu, ta ji an ja ƙofa. Ta rarrafa ta miƙe, ta ɗauki roba da tawul, ta bi bango zuwa kicin. Ta daɗe tana lalube kafin gilashin ya amsa. Ta tara roba da hagu, ta tura harshen da dama. Famfon ya yi tari, ya fesa iska, ya yi shiru. Ta ɗauka ya sake kullewa ne, ta kai hannu tana shafa bakinsa. Sai ruwan ya ɓalle gaba ɗaya, tafasasshe, a kan yatsunta har wuyan hannu.

"Wayyo Allah! Wayyo Auta!"

Ba kowa a gidan. Ta yi wajen famfon wanke-wanke ta yi karo da tebur, ta faɗi, ta tashi. Daga ƙarshe bokitin ruwan goge ƙasa ta samu ta tsoma hannun a ciki. A nan ta zauna a ƙasan kicin, tana kuka tana yin shiru, har rana ta juya. Da Malama ta buɗe ƙofa da yamma ta ga hannun ya kumbura ya yi bororo, fata ta fara saɓulewa, sai ta saki jaka ta ƙwalla ihu.

Ƙuna kuwa ba a ce mata tsufa, ba a ce a bari wata ya ƙare. Duk wanda ya shigo gidan zai gan ta ya yi tambaya. Nan da nan Auta ya baro ofis, aka sa Yaya a mota sai asibiti, layin da aka ce ba ya biyuwa ya biyu. A hanya yana tuƙi yana faɗa: zai mayar musu da firjinsu, zai nuna wa mai gyaran nan shi ba a yi masa haka, wane irin kaya ne wannan mai ƙona mutane. Yaya ta jingina kai da gilashin mota.

Nas ɗin da ta wanke hannun ta naɗe shi ita ce ta miƙa wa Yaya ƙwayar magani, ta ga lafiyayyen hannun ya wuce ta gefe yana neman inda take. Ta kaɗa yatsu a gefen fuskar Yaya, ko ƙiftawa ba ta yi ba. Ta rubuta takarda ta ba Auta, ta ce gobe da safe sashen ido, kada a ɗaga.

Likitar idon mace ce mai sanyin murya. Ta sa Yaya ta ɗora haɓa a kan na'ura, ta haska mata fitila, ta auna wannan ido ta auna wancan. Sannan ta ce, "Mama, tun yaushe kika fara jin ciwon?"

Kafin Yaya ta buɗe baki Auta ya karɓe. "Kwanan nan ne, likita. Kin san manya da ɓoye ciwo, ba ta faɗa mana ba."

Likitar ta dube shi, ta mayar da kai kan takarda. "Wannan ba na kwanan nan ba ne. Hawan jinin ido ne, ruwa ke taruwa a ciki yana danne jijiyar gani har ta mutu. Na hagu ya riga ya tafi, ba abin da za mu iya yi masa. Na dama saura ɗan kaɗan a tsakiya. Za mu fara magani yau, mu sa ranar aiki, ko Allah zai sa mu riƙe abin da ya rage, amma ba zan yi muku alkawari ba. Abin da ya tafi dai ba ya dawowa." Ta juya ga Yaya ta sassauta murya. "Da tun lokacin da kike ganin zobe a jikin fitila aka zo, Mama, da wataƙila maganin ɗigawa kawai zai riƙe miki shi."

Yaya ta ce, "Allah ya saka da alheri, 'yata." Muryarta ba ta yi rawa ba, hawaye ne kawai ke bin kumatunta daga ido mai gani da marar gani.

Abin haushin ke nan. Firji bai taɓa buɗe baki ya ce wani wuri yana yi masa ciwo ba, amma ya yi ɗumi an fasa zuwa ofis, ya ɗauke an ratsa gari, ya jiƙa ƙasa an kwanta rub da ciki ana leƙa ƙarƙashinsa. Duk laifin da aka ce ya yi, idon Yaya ne ke ba da labarin kansa. Ita kuwa da bakinta ta faɗa, a kicin ta faɗa, a falo ta faɗa, tsaye ta faɗa, a durƙushe ta faɗa. Irin waɗannan gidajen suna nan da yawa, kuma masu su ba sa ganin kansu a matsayin azzalumai, mutane ne masu yawan aiki kawai.

A wajen ajiye motoci Auta ya zaunar da ita a gaba, ya zagaya ya shiga, amma bai tayar da motar ba. Ya daɗe yana murza sitiyari da tafin hannu.

"Yaya, kin san yadda aikin nan yake. Da kin matsa mini sosai..." Bai ƙarasa ba. Ya sake cewa, "Jiya Malama ta gaya wa Kawu zancen ƙunar. Na san zai kira." Kawu ƙanin mahaifiyarsu ne, shi kaɗai ya rage musu babba, kuma shi kaɗai ne Auta ke shakka a duniya. "In ya tambayi maganar idon, ki ce farat ɗaya abin ya zo. Kin san halinsa, sai ya tara mini dangi. Don Allah, Yaya."

Ta juyo wajensa. Sannan ta ce, "Juyo in gan ka."

Bai juyo ba, ya sunkuyar da kai. Ta miƙa hannun da ke naɗe da bandeji ta lalubo kafaɗarsa, ta hau zuwa haɓarsa, ta juyo da fuskar tana cije leɓe don zafi. 'Yar tagar da ta rage mata ba ta ɗaukar fuska gaba ɗaya. Sai da ta riƙa motsa kai tana bin ta kashi-kashi: goshi, ido ɗaya, ɗaya idon, hanci, gemu da furfura ta fara ci. Ta daɗe tana kallo, don ba ta san ko za ta sake samun ganin ba.

Wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, ya ce a hankali, "Kawu ne." Ya danna ya kara mata a kunne, ya so ya kau da kai. Ba ta saki haɓarsa ba.

"Kawu, ina wuni. Da sauƙi, hannun an ɗaure." Ta saurara. "Eh, an duba idon, likita ta ce ɗaya ya tafi." Ta sake saurarawa, idonta a cikin nasa, yatsunta da suka ƙone suna riƙe da shi gam. "A'a, Kawu, ba a sani ba. Farat ɗaya ya zo. Auta yana iya ƙoƙarinsa."